Ɓaragurbi

Asabar, da hantsi. Watan Maris, 1977

Yaya Hajara ta koma makarantarsu ta Kano. Ta bar min littattafan soyayya uku na Turanci, duk ta yage musu bango don kar Baba ya ga hoton da ke jiki. Ta ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum, kar hannuna ya mutu tunda na gama firamare na zauna. To me ke faruwa a garin nan? Tumatir ya nuna. Shi ke nan.

A'a, akwai wani abu. An kawo sabon malamin gona daga Kadawa, sunansa Iliyasu. Shi ke zagaya kanal ɗin ban ruwa a kan keke yana duba ƙofofin ruwa. Yana da agogo, yana naɗe hannun rigarsa. Jiya ya wuce muna cika tulu, ya ce, “Sannunku da aiki, 'yammata.” Muna da yawa a wurin, amma ni yake kallo. Ina jin ni yake kallo. Ban ɗaga kai ba.

Cikina yana ƙugi tun shekaranjiya. Ɗanyen tumatir ne.

Lahadi, bayan la'asar

Iyatu ta zo. 'Yar Malam Sada ce, na rugar da ke bayan babban kanal. Suna nan tun ba a haƙa kanal ɗin ba, tun ba a haife ni ba. In ta gama tallan nono takan sauke ƙwarya a gindin tsamiyarmu, ni kuma in ba ta labarin littafi da Hausa. Duk duniya ita kaɗai nake iya yi wa doguwar magana harshena bai ɗaure ba.

A labarin na kai mata inda mai gidan dutsen ya tsaya cikin ruwan sama yana kallon tagar yarinyar.

Ta ce, “Cikin ruwa? Ba shi da ɗaki ne?”

Na ce, “So ne, Iyatu.”

“Shanu nawa gare shi?”

Na ce ba shi da shanu, doki gare shi.

Ta ce, “Wayyo, talaka. Ki ce mata ta sake tunani.”

Muka yi ta dariya har Inna ta leƙo. Ta ɗebo min kindirmo a ludayi kamar kullum. Ta ce maruƙansu suna zawo, ɗaya har ba ta iya miƙewa, babanta ya rasa yadda zai yi.

Na ce Allah ya sawwaƙe. Ban ce mata komai game da nawa cikin ba. Ana faɗa wa mutum irin wannan?

Talata, da azahar

Na gama littafi ɗaya na shiga na biyu, ban ga wadda ta taɓa ɗaukar buta ba. Ba wadda ta yi gyatsa. Su in ciwo ya kama su suma suke yi, a kan doguwar kujera, sai a zo a yayyafa musu ruwa mai ƙanshi.

Ni kuwa tun asuba nake safa da marwa. Ba zazzaɓi, ba jini. Abin fari-fari ne, da kumfa, da maiƙo, ba zan rubuta sauran ba. Cikin ya kumbura kamar na ci gari na sha ruwa. Amma gyatsar ta fi komai. Ba ta da ƙara, a hankali take tasowa, sai wari kamar an fasa ƙwan da kaza ta gaji da kwanciya a kai.

Inna ta fara kallona in na ratsa tsakar gida da buta. Na samo wuri a bayan gonar alkama, gefen ƙaramin kanal, inda ciyawa ta yi tsayi. Ba mai zuwa. Ga ruwa kusa, ba sai na ɗauki buta ba.

Alhamis, gab da magariba

Ya yi min magana!

Bari in faɗa daga farko. Muna rumfar gonar Baba muna yanka tumatirin da za a shanya a yi kauɗa, ni da Baraka mai baki, da Sa'a 'yar ƙanwar Inna, da sauran. Iyatu ta iso da ƙwarya ta zauna kusa da ni. Sai ga shi ya jingine keke, ya ce a dama masa fura. Ya tsuguna a gabanmu, kusa, har ina jin ƙanshin sabulunsa.

Sai wari ya tashi.

Baraka ta toshe hanci ta ce, “Kai! Wa ya fasa ƙwai a nan?” Kowa ya ja mayafi ya rufe hanci. Shi ma ya tsaya da ludayi a hannu, ya fara bin fuskokinmu da kallo, ɗaya bayan ɗaya, yana tahowa ta wajena.

Sai aka ce, “Iyatu, ɓaragurbi kika dama mana a nonon?”

Wuri ya ɗauki dariya. Shi ya fi kowa, har furar ta sarƙe shi, ya aje ƙwarya yana share hawaye yana cewa, “Ɓaragurbi! Wallahi ɓaragurbi!” Sannan ya dube ni sosai ya ce, “Ashe kina magana? Na ɗauka kurma ce. Yaya sunanki?”

Na ce Ummulkhairi.

Ya maimaita. Ummulkhairi. A bakinsa sunan ya yi tsawo, ya yi kyau, kamar ba nawa ba.

Bai ƙarasa furar ba. Iyatu ta kife faifai ta ɗauki ƙwaryarta.

Juma'a, da safe

Ya san sunana.

Lahadi, da hantsi

Wasa ne ai. Kowa ya san wasa ne. Baraka tana faɗa wa mutane abin da ya fi haka kullum, ba wanda ya mutu.

Yara ne suka ɗauka. Jiya na ji su daga ɗaki suna bin Iyatu a baya suna tafi: “Ɓaragurbi, rufe ƙwarya! Ɓaragurbi, toshe hanci!” Ni ban koya musu ba. Ban ma fita ba.

Yanzu Baraka tana kirana in zauna kusa da ita wurin yanka. Ta ce, “Ummu shiru-shiru, ashe kunama ce.” Ta tsaga rake ta ba ni rabi.

Talata, bayan la'asar

Iyatu ta zo gindin tsamiya. Na ji ta sauke ƙwarya, na ji ta ce, “Ummu? Ina mai dokin ya kwana?”

Na kwanta na juya fuska bango. Inna ta leƙo ta ce, “Ƙawarki fa.” Na ce kaina ke ciwo. Ta daɗe a wurin. Da ta tashi, daga nauyin takunta na san ƙwaryar a cike take.

Ba zan iya shan nono ba yanzu ko da na so. Ludayi ɗaya, sai cikin ya yi kamar ana yaƙi.

Alhamis, da azahar

Ciwon ya shiga gari. Gidan liman, gidan mai gari, 'yan layin kasuwa. Sa'a ta kwanta. Ƙanin Baraka, Datti, wanda aka yaye kwanan nan, ya zama sai ido da ciki. Duk iri ɗaya: kumburi, zawo mai kumfa, da gyatsar.

Mata sun ce nonon ruga ne. Uwar Baraka ta tsaya bakin kanal ta ce, “Ai tun ranar da aka ji warin a ƙwaryarta. Ku tambayi 'yar gidan Malam Uba, ita ta fara ganewa.” Suka juyo suna kallona kamar na ci jarrabawa. Wata ta ce, “Ilimi ke nan.”

Na cika tuluna na taho. Zanina ya fara zamewa, sai na yi masa ɗauri biyu.

Ya wuce ni a hanya ya kaɗa ƙararrawar keke sau biyu. A littafin ma sau biyu mutumin yake ƙwanƙwasa ƙofa.

Asabar, da hantsi

Wani malamin asibiti ya zo daga Kura a kan babur, aka taru ƙofar mai gari. Mu muna daga bayan danga muna ji. Ya ce wata halitta ce 'yar mitsitsiya, ido ba ya ganinta sai da madubin asibiti. Tana manne a hanji tana hana abinci zama a jiki. Ya ce tana fita cikin bayan gida, ta shiga ruwa, ta daɗe ba ta mutu ba, wani ya sha. Ya ce tana kama mutum, tana kama maraƙi da ɗan akuya da kare, kuma ba wanda zai iya rantsuwa wa ya sa wa wani. Ya ce a tafasa ruwan sha. Ya ce duk mai zagawa kusa da kanal ya daina, don Allah don Annabi.

Ya yi magana mai yawa. Da aka watse, kalma ɗaya na ji a bakin maza: maraƙi.

“Kun ji ai, da bakinsa ya ce maraƙi.”

Malamin ya raba kwalin ashana wanda ba komai a ciki, kowa ɗaya, a sa ɗan abin a kai masa ya duba. Inna ta miƙo min nawa. Na ce me zan yi da shi, lafiyata ƙalau. Ta kama hannuna ta zagaye shi da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta ce, “Wannan ce lafiyar?” Na ce zafi ne, kowa ya rame.

Na sa 'yan kunnena a kwalin. Ya yi musu daidai.

Lahadi, da safe

Na so in daina zuwa bayan gonar alkama. Amma Inna ta kafa kujera a tsakar gida.

Laraba, bayan la'asar

An raba magani ga waɗanda aka samu da abin. Ƙwaya ce rawaya, mai ɗaci kamar maɗaci, kuma tana fitowa a jiki. Sa'a ta zo ta nuna min tafin hannunta, ya yi rawaya kamar ta dama ɗorawa. Tana dariya ta ce, “Yaya Ummu, kin ga na yi lalle ba da niyya ba.” Ta ce cikin ya fara lafawa. Ta ce ɗacin ne kawai.

Yanzu duk wanda ya sha an san shi. Ana gane su tun daga nesa.

Alhamdu lillahi da ban kai kwalin ba. Me Iliyasu zai ce in ya ga hannuna haka?

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ba na son rubuta na yau.

Iyatu ta zo bakin kanal inda muke wanki, ba ƙwarya a kanta. Ta tsaya ta buɗe tafukan hannunta biyu ta ce, “Ku duba. Na kai nawa kwalin kamar kowa, malamin ya ce ba komai a cikina. Bai ba ni ƙwaya ba. Innata ma haka. Ku duba mana.”

Hannun fari tas. Na ga wasu sun fara sunkuyar da kai.

Sai Baraka ta ce, “To ai ɓaragurbi daga waje lafiya lau yake. Sai an fasa.”

Shi ke nan. Akwai kwandon ruɓaɓɓen tumatir da aka zubar a gefe. Ban san wadda ta fara jifa ba. Iyatu ba ta gudu ba, ba ta kare fuska ba. Ta tsaya tana neman wani da ido a cikinmu, tana nema, har ta samu.

Baraka ta danƙa min ɗaya a hannu ta ce, “Ke da kika raɗa mata suna.”

Ruɓaɓɓen tumatir ba ya yi wa mutum ciwo. Ruwa ne kawai a ciki.

Na wanke hannuna da toka, har yanzu ina jin warin.

Asabar

Ban karanta komai ba.

Litinin, da hantsi

Datti ya rasu da asuba. Da aka fito da shi a tabarma, kamar ba kowa a ciki.

Baraka ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon wajen ruga.

Talata, gab da magariba

Maza sun je ruga, har da Baba. Sun ce daga yau ko saniya ɗaya kar ta kusanci kanal, babba ko ƙarami. Malam Sada ya ce to ina za su sha? Rafin da suke sha tun zamanin kakansa ya ƙafe tun da aka tare ruwa a Tiga, fadamar kuma an yanka ta gonaki. Aka ce masa wannan shi ta shafa. Ya ce a ba shi zuwa faɗuwar damina. Aka ce a tambayi uwar Datti ko za ta jira damina.

An yanka maruƙan da ke zawo a gabansa, aka haƙa rami aka binne, ko fatar ba a bar masa ba. Baba ya ce mutumin ya cire hula ya riƙe a hannu. Baba yana ba da labarin yana cin tuwo.

Inna ta ce, “Shekara nawa muna shan nonon mutanen nan, Malam?”

Baba ya ce, “Ki tambayi 'yarki. Ita ta fi mu hanci.”

Da na buɗe baki a lokacin. Ga Inna, ga Baba, ba kowa. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Sai na gane ba magana ba ce ta taso. Na rufe baki da mayafi na fita.

Alhamis, da azahar

Na ga Iliyasu yau a bayan babban kanal da igiyar awo da turaku, yana auna filin ruga tun mutanen ba su gama kwance bukkoki ba. Baba ya aike ni in kai masa ruwa, tafasasshe. Na sa zanina mai ganye.

Ya sha, ya ce, “Kin san tun bara ofis ke fama da mutanen nan su matsa, an yi takarda an gaji? Ke da kalma ɗaya kin gama aikin. Baɗi nan duk alkama ce. Babanki ma yana da rabo.”

Ya yi murmushi. Yana da 'yar wushirya, ban taɓa lura ba.

Na jira ya faɗi sunana. Ya miƙo min kwanon ya ce, “Madalla, 'yammata.”

Asabar, bayan fitowar rana

Sun tafi.

Ina bayan gonar alkama, a wurin nan nawa, na gama ke nan ina wanke hannu a kanal, sai na ga inuwa. Iyatu ce a ɗaya gefen, da zanin tafiya, an ɗaure mata kaya a ka. Can baya shanu sun miƙa hanyar Garun Malam, ana kora.

Ta tsallako ta kan ƙofar ruwa. Ba ta gaishe ni ba.

Ta ce, “Kullum ina hango ki a nan in na fito da safe.”

Na ci gaba da wanke hannu.

Ta ce, “Ranar rumfa kafaɗata tana jikin taki, Ummu. Na ji lokacin da gyatsar ta taso miki.”

Na ce, “To me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Na ɗauka ke za ki faɗa.”

Haka kawai ta ce, ba faɗa, ba kuka. Da ta zage ni da ya fi. Sai na ji bakina yana cewa wai mai dokin ya auri yarinyar a ƙarshe, na gama littafin.

Ta ce, “Allah ya ba su zaman lafiya.”

Ta kwance bakin zaninta ta ciro ƙwai ɗaya ta sa min a hannu. Ta ce kazar Innarta ce ta bar gurbi, ba za su iya tafiya da ƙwan ba, an raba wa maƙwabta. Ta ce, “Ga naki.” Ta ce in je Kura in karɓi ƙwayar, na kusa ƙarewa. Ta tsallaka ta bi shanu. Ba ta waiwayo ba. Na tsaya ko za ta waiwayo.

Na ɓoye ƙwan a bayan littattafai.

Laraba, da hantsi

Ba ruga, ba maraƙi, ba nono a garin. Jiya ciwon ya kama gida biyu a layin masallaci. Ba wanda ya ce komai a kai. An ce saura ne.

Asabar, bayan la'asar

Muna rumfa, yankan ƙarshe, tumatirin ya kusa ƙarewa. Baraka ta dawo aiki, ba ta cika magana ba yanzu. Sa'a tana gefena, ta warke, har ta fara kumatu, sai dai rawayar ba ta gama barin hannunta ba. Tana ba ni labarin wata akuya.

Ya zo ya jingine keke. Ya dube ni ya ɗan daki goshi yana neman abu, sannan ya ce, “Yawwa, Malama Ɓaragurbi! Ina gajiya?”

Da wasa ya faɗa. 'Yammata suka yi 'yar dariya. Baraka ba ta yi ba, ta ɗago tana kallona, daga wuya zuwa hannu zuwa ɗaurin zani.

Kuma a daidai lokacin gyatsar ta taso min. Na danne, na haɗiye, na cije leɓe. Ta fito.

Aka ja mayafi. Kamar ranar nan, sai dai yau ba ƙwarya a wurin. Idanu suka fara zagayawa. Nasa ma.

Sa'a ta san ba ita ba ce. Ta juyo ta dube ni, ta buɗe baki, ba don ta tona ni ba, na san Sa'a, so take ta ce sannu.

Aka ce, da muryata, “Haba Sa'a. Ki riƙa matsawa gefe mana, tunda kin san ba ki gama warkewa ba. Dubi hannunki.”

Kowa ya dubi hannun. Ta yi sauri ta tura shi ƙarƙashin zani.

A hanyar gida na ji yara sun fara. Ba su ko sake waƙar ba, sunan Sa'a kawai suka ƙara.

Lahadi, da safe

Sa'a ba ta zo gaida Inna ba.

Na ciro ƙwan daga bayan littattafai. Na ɗebo ruwa a kwano na saka shi a hankali, yadda Inna ke gwadawa kafin ta fasa. Mai kyau nutsewa yake yi.

Ya taso sama yana juyi.

Ranar da ta ba ni ban gwada ba. Yanzu ba yadda zan san ko haka ta ba ni shi, ko a wurina ya lalace.